Sanƙon Haruna

Gyadi-Gyadi, Kano

Zuwa ga ɗana Nazifi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gida baki ɗaya. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na abin da ke ja da ciki a fadama. Ya kuma tsare ka daga gaggawarka, don ita ce ta fi ba ni tsoro a halin yanzu. Ummanku tana gaishe ka. Labarin gida kuwa babu wani sabo, yana nan yadda ka bar shi.

Ka san ni ba ma'abocin rubutu ba ne. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, duk ran da na kira ka na soma maganar gona, sai ka ce, "Baba, ba na jin ka, sabis ya ɗauke." Sabis ɗin nan naka akwai wayo. Bai taɓa ɗaukewa ba in Ummanku tana tambayar ka abin da ka ci, sai in ni na buɗe baki. To ga takarda. Na ba Ɗanlami direba a tashar Unguwa Uku, na ce ya danƙa maka hannu da hannu, kada ya ja mota sai ya ga ka buɗe ta.

Jiya Ummanku ta miƙo mini wayarta tana ta fara'a, wai in ga aikin ɗana. Na sa tabarau na duba. Na ga tarakta ta gama kaftu, ƙasa ta tashi manyan hoge ko'ina, na ce madalla, tana nan baƙa yadda na san ta. Sai ga ka ka shigo cikin hoton da farin kambas a ƙafa, kana jan siririn tiyon nan naka mai ruwa a ciki, wanda kake awon daɓe da shi in za ka shimfiɗa tayil. Kana ta zuba bayani: "Umma, kin ga nan? Ya fi can ƙasan tudu sosai. Ran Asabar katafila za ta zo ta yanke tudun nan ta tura shi kwari. Gaba ɗaya gonar za ta koma filat, kamar falo."

Kamar falo! Na ajiye wayar a kan tabarma a hankali, don ba tawa ba ce. Ummanku ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Ina fa lafiya, ɗanki zai kashe gonar Baba." Ta ce in kira ka. Na kira, ka kuma san abin da ka ce mini.

Bari in tuna maka inda muke, tunda na ga kamar ka manta. Gonar nan ba tawa ba ce ni kaɗai. Gadon Baba ce, ni da Baffanka Ado da Gwaggonka Laure. Tun da gwiwata ta zaunar da ni a Kano take kwance ba mai noma ta, kuma ka san Alhajin nan mai son gina sito a bakin titi ya daɗe yana zarya gidan Yaya Ado. Da ka ce za ka bar aikin tayil ka koma noma, rani ɗaya aka ba ka. In alkama ta yi, gona ta zauna a hannunmu. In ba ta yi ba, a sayar a raba, kowa ya kama gabansa. Babu rani na biyu, Nazifi.

Kwanaki na haɗu da maigidanka Oga Sande a kasuwar Tarauni, ya zo sayen doya. Ya riƙe hannuna yana cewa, "Baban Nazifi, ka ɗauke mini yaro mai kyau. Wannan yaro in ya yi daɓe, ko ruwa ka zuba, ruwa ba ya sanin inda zai tafi." Na yi masa godiya, amma tun a nan gabana ya faɗi. A gona dole ruwa ya san inda zai shiga, ya san inda zai tsaya, ya san ta inda zai fita. Ni da nake gaya maka, ɓarna na yi ta yi har na gane, kuma zan ba ka labarinta ko ka ji kunya a madadina.

Ina saurayi, ban kai shekarunka ba, Baba ya yanka mini wani gefe na gonar ya ce in yi shi ni kaɗai daga kaftu har girbi. A lokacin babu tarakta a garinmu, da hannu muke yi. Kaftun ya yi kyau, don ƙarfi ina da shi. Da aka zo fasa hoge sai na ga aikin ba ya ƙarewa, ga shi ana dambe a Kura, abokaina duk sun tafi. Sai na ɗauki manjagara na ja garin ƙasa na lulluɓe hogen. In ka hango daga nesa sai ka rantse an baje wurin tsaf. Na watsa alkama, na saki ruwa ina fito, na kama hanyar Kura.

Ruwa bai yi mini kara ba. Ya bi ta ƙarƙashin hogen, ƙasa ta zauna, wurin ya koma ramuka da tuddai, ya kwashe irin ya tara shi a kusurwa ɗaya. Da ta tsiro, kusurwar nan ta yi cunkus har ta shaƙe kanta, sauran wurin kuwa tsilli-tsilli. Baba ya zo ya tsaya ya duba, ya ce, "Haruna, wa ya ci damben?" Abin da ya ce ke nan. Shekarar nan duk alkubus ɗin da aka yi a gidanmu ban iya miƙa masa hannu da sakin jiki ba.

Saboda haka hogen da na gani a hoton nan, fasa shi za ka yi na gaskiya, da ƙeyar fartanya, ko ka sa tarakta ta dawo ta yi haro ta farfasa shi in ƙasar ta karɓa. Kuma akwai lokacinsa. In ya bushe ƙamas, kafaɗunka za ka ƙarar a banza, sai ka ɗan ba shi ruwa ka bar shi ya sha iska. In ya jiƙe da yawa kuma kada ka kuskura ka shiga, laka za ka tattake ta zama bulo. Ka ɗebi ƙasar ka dunƙule a hannu. In ta manne maka a tafi, koma ka zauna. In ta dunƙulu, ka danna ta da babban yatsa ta wargaje, to lokaci ya yi. Ka kuma cire wannan farin kambas ɗin. Ban san ma wanda ya ce maka ana shiga kaftu da shi ba.

Daga baya kuma sai na wuce gona da iri. Na dawo Kano na kama tuƙin tifa, muna haya a Unguwar Gano, ban daɗe da auren Ummanku ba. Lokacin gidaje ba su cinye bayan Ƙauyen Alu ba, akwai lambuna. Wani dattijo ya ara mini ɗan wuri da rijiya a gefe. Kunyar damben nan tana raina, na ce wannan karon ko hoge ɗaya ba zai tsira ba. Duk yamma in na ajiye mota sai in je in yi ta dukan ƙasar nan har ta koma gari, saura kaɗan in aro rariyar Ummanku in tankaɗe ta. Na shafe ta da katako sumul. Dattijon ya leƙo ya ce, "Direba, shuka za ka yi ko kwanciya?" Na yi dariya, na ɗauka yabo ne.

Na zuba irin latas da karas na ba su ruwa. Rana ta fito, fuskar ƙasar ta haɗe ta yi ɓawo kamar ƙanzon tuwo. Irin ya tsiro a ciki ya rasa ta inda zai ɓullo. Da na ɓanɓare wani wuri sai na gan su a lanƙwashe, farare, sun mutu a hanya. Ummanku kuwa ta riga ta bi matan gidan hayar ɗaki-ɗaki ta ce kada kowa ta ƙara sayen latas, na mijinta na nan tafe. An daɗe ana tambayar ta, "Amarya, ina latas ɗin?" Har yau in muka yi faɗa ta rasa abin faɗa, sai ta ce, "Ni da aka sa na yi ƙaryar latas." Yanzu ma da na karanta mata wannan wurin ta ce in rubuta har da karas.

Wannan shi ne kuskuren da na san hannunka zai ja ka gare shi, don ka saba da siminti, in ka ga ƙurji a daɓe sai ka shafe. Ƙasa tana numfashi. Ka bar mata 'yan dunƙule-dunƙule, daga girman gyaɗa zuwa ƙwan zabo, su ne ke hana ta haɗe fuska in ta sha ruwa. In ka ga wurin ya yi kyau har kana sha'awar ɗaukar hoto ka turo wa Ummanku, to ka riga ka yi yawa.

Yanzu mu zo ga abin da ya hana ni cin abinci jiya. Ka san jan wurin nan na saman gona, yamma da kanyar nan, inda ko ƙarangiya ba ta fitowa. Ka ji mutanen gari suna ce masa Sanƙon Haruna. Tun kana yaro kake jin sunan kana dariya, ka ɗauka kaina ake tsokana. Lokacin da aka raɗa wa wurin nan suna, sumata ta fi taka cika. Ni na yi masa askin, kuma da katafila na yi.

Ana aikin titin da ya bi ta bayan garinmu, ina cikin masu jigilar ƙasa da tifa. Direban katafilar abokina ne, Garba, tare muke cin abinci. Kullum in na wuce na hango Baba yana fama da gonar nan mai gangare, fangali-fangali, yana toshe nan yana buɗe can, sai tausayi ya kama ni, da kuma ɗan raini. Na ce tsohon nan yana wahalar da kansa a kan abin da ƙarfe zai gama a wuni guda. Ran da ba a aiki, Baba kuma ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, na roƙi Garba ya shigo da ita. Garin nan kaf aka fito kallo. Na tsaya na riƙe ƙugu kamar wani injiniya, ina nuna masa da hannu, yanke nan, tura can. Yaya Ado yana gefena yana cewa, "Kai, Haruna, birni ya yi maka rana." Kafin la'asar gefen yamma ya shimfiɗu, ba tudu ba kwari. Mai ne ya ƙare wa Garba, shi ya sa bai taɓa gefen gabas ba.

Sai ga Baba ya dawo. Ya ratsa mutane ya shiga gonar, ya yi tafiya har tsakiyar inda aka yanke. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa. Ja ce, da tsakuwa, ko sanyi babu a jikinta. Ya murza ta, ya shinshina, ya juyo ya ce, "Ina ƙasata?"

Na ce, "Tana nan, Baba. An tura ta kwari ne, an daidaita wurin. Yanzu sau ɗaya za ka saki ruwa ya game ko'ina."

Ya ce, "Ka binne ta ke nan."

Na fara bayani, irin wanda ka yi wa Ummanku. Ya ɗaga mini hannu. Ya nuna mini bakin inda ƙarfen ya tsaya, inda ake ganin ƙasar a yanke: baƙa a sama, kaurinta bai wuce taƙi ba, daga nan sai ja har iya ganinka. Ya ce, "Wannan baƙar ita muke ci. Kakanka ya zuba mata taki da jaki, ni ma na zuba. Ta ƙasan nan ba ta san mu ba." Ya karkaɗe hannunsa ya tafi gida. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, har Yaya Ado, aka bar ni da Garba da katafila.

Kuma ko daidaiton da na yi taƙama da shi bai tsaya ba. Ƙasar da aka tura kwari sako-sako ce, da ta sha ruwa ta zauna, kwari ya dawo kwarinsa, ruwa ya kwanta a ciki alkama ta ruɓe. Ta saman kuwa ta fito rawaya, ta kai tsawon yatsa ta tsaya, ta ƙone. Shekara da shekaru ina kwaso taki da tifa daga Kano, na shanu, na kaji, har sharar bola, ina jibgewa a wurin. Gefe-gefe ne kawai ya ɗan farfaɗo. Baba bai sake ta da maganar ba har ya bar duniya. Sai dai in lokacin salla ya yi yana gona, a nan yake shimfiɗa buzunsa, don nan ne kaɗai babu laima babu ciyawa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

To tudun da kake nuna wa Ummanku da tiyo, shi ne gefen gabas ɗin da Allah ya tsirar. Shi kaɗai ya rage mai rai a saman gonar. Shi za ka aske ran Asabar, mu zama uba da ɗa kowa da sanƙonsa.

Da na sa Ummanku ta sake kunna mini hoton kuma, sai na ji wata magana a ƙarshe da ta wuce ni da farko. Ka ce, "Alhajin ma mutumin kirki ne, shi ya ce zai aro mana katafilar kyauta." Nazifi! Wane Alhaji? Mai son gina sito? Ka zauna ka yi tunani da kan nan naka da kake yi wa aski kala-kala. Wa ke bukatar shimfiɗaɗɗen fili, mai alkama ko mai sito? Ban ce mugu ba ne. Ɗan kasuwa ne, bai taɓa ɓoye abin da yake so ba, wataƙila ma har zuciyarsa taimako yake ganin ya yi. Amma in ƙarfen nan ya bi ta kan gonar, alkama ba za ta yi ba, a sayar masa, ya tarar an riga an share masa wurin gini. Baffanka kuma da bai hana ka ba, shi da ya ga na farkon da idonsa, wannan tsakanina da shi ne, ba ruwanka, ka ci gaba da gaishe shi yadda ka saba. Ka je wurin Alhaji ka yi masa godiya da ladabi, ka ce mahaifinka ya ce a bar shi.

Ga yadda ake yi, kuma abin da na raina a hannun Baba ne. Ba gona ake daidaitawa ba, fangali ake daidaitawa. Ka bar gangaren yadda Allah ya yi shi, shi zai kai maka ruwa ba tare da inji ya sha mai a banza ba. Ka ja babbar hanyar ruwa ta bi ta sama. Sannan ka yanka gonar fangali-fangali, kowanne da 'yar kunyarsa a kewaye. Inda gangaren ya yi tsanani ka ƙanƙanta su, inda ya kwanta ka faɗaɗa. Kowanne ya daidaita a cikin kansa kawai, na sama ya ɗara na ƙasa, kamar matakalar bene. A ciki ka ja ƙasa da manjagara daga inda ta ɗaga zuwa inda ta faɗa, kaɗan-kaɗan. Da zarar ka ga ja a bakin fartanyarka, tsaya. In kuma akwai wani ƙusumbi da ya zama dole a sare, sai ka fara yaye baƙar ka tara ta gefe, ka sare jar, ka mai da baƙar ka rufe. Aikin hannu ne, akwai ciwon baya, na sani.

Kafin ka watsa ko ƙwaya ɗaya, ka saki ruwa a fangalin da babu iri, ka tsuguna ka yi kallo. Inda ƙasa ta leƙo ta ƙi nutsewa, soka kara. Inda ruwa ya taru ya daɗe bai tsotse ba, nan ma soka kara. Ka bar shi ya sha iska, ka dawo ka gyara. A nan tiyonka zai yi amfani, ban hana ka ba. Gaskiya ma da ina da irinsa a lokacina da na huta da rabin tsugunon. Abin da na hana shi ne ka kama bakinsa ɗaya a gindin kanya ɗaya a bakin rafi ka ce sai sun zo daidai.

Na san abin da za ka ce: lokaci. Sanyi ya shigo, maƙwabta sun shuka, alkamar da ta makara zafi ke riskar ta tana fitar da kai. Gaskiya ne, kuma laifinka ne da ka tsaya bikin abokinka a Babban Giji lokacin da ya kamata a ce kana can, amma wannan ya wuce. Kada ka ce sai ka shuke gonar duka. Ka fara daga gefen gabas, ka gyara abin da za ka iya ka shuka. Abin da bai samu ba ka sa masa albasa daga baya.

Kuma ka kira gayya. Har yanzu ana yi a garinmu in an san yadda ake roƙo, kuma ba ta waya ake yi ba. Ka bi gida-gida da ƙafarka, ka cire abin nan da kake toshe kunne da shi, ka durƙusa ka gaida mutane, ka ce ɗan Haruna ne yake neman hannu. Wani zai ce, "Wane Harunan, mai sanƙo?" Ka ce shi. Za su zo, ko don su ga yadda za ta kaya. Girkin abincin gayyar kuma kada ka ba kowa sai Gwaggonka Laure. Ka je ka ce, "Gwaggo, ba ni da uwa a nan sai ke." Ita ba son sayarwa take ba, gajiya ta yi da ganin gonar ubanta a kwance.

Ummanku ta ce in tsaya haka, wai takarda ta fi ƙarfin ambulan, kuma wai na cika faɗa. To bari in faɗi na ƙarshe. Na riga na kama kujerar gaba a motar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Ta ce, "Malam, da wace ƙafar? Likita ya ce ko masallacin unguwa ka riƙa zuwa a hankali." Na ce mata, "Da wannan ɗin dai." In na iso na tarar ka sallami katafila, zan zauna a inuwa in yi shiru, in ma ka ce in koma sai in koma. In kuwa ba ka sallame ta ba, zan sa a ajiye mini kujera a tsakiyar tudun nan in zauna da carbina. Direban ya fara da ni.

Akwai kuma abin da ba ka sani ba, don ba ka wurin. Ranar da aka zauna a zauren Yaya Ado kan maganar ba ka gonar, ya ce ba za ka iya ba, ɗan birni ne kai, ko gero da dawa ba ka bambancewa a tsaye. Ni kuma, da ban taɓa ɗaga murya a gaban yayana ba tun da aka haife ni, na dogara sandata na miƙe na ce, "Yaron nan ya fi ni. In ya sa hannu a abu sai ya ga ƙarshensa. Ku ba shi." Ban taɓa gaya maka haka ba, kuma in ka tambaye ni ido da ido zan ce ban tuna ba. Amma na faɗa, kuma ban faɗa don in ci gardama ba. Haka na san ka. Ni na ɓata rabin saman gonar nan ina ganin taimakon ubana nake yi. Abin da ya rage yana hannunka, kuma ba ni da wani da zan ba.

Allah ya ba ka lafiyar baya da ta kafaɗa. Ya tsare ka a hanya da gona, ya kiyaye ka fita da shiga, ya sa albarka a ƙasar nan da hannun da ke taɓa ta. Allah ya yi maka albarka, ɗana.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna